Me ya sa naushin zangon farko na Hajime no Ippo ya fi na Rising nauyi?

Hajime no Ippo anime ne, wato shirin zane mai motsi na Japan, a kan wani matashin ɗan dambe mai suna Ippo, Rising kuma shi ne zangonsa na uku. Tambayar da aka aiko ita ce: "Na kalli zango ukun Hajime no Ippo a jere. Zanen Rising ya fi tsabta da haske nesa ba kusa ba, amma faɗan zangon farko, mai tsohon hoto, shi ne ke sa ni miƙewa tsaye. Idona ne ke yaudara ta, ko akwai abin da ya ragu a aikin?"

Ɗan'uwa, idonka bai yaudare ka ba. Tsabtar zane daban, nauyin naushi daban. Shi nauyin ba fenti ke kawo shi ba, da lokaci ake sayen sa: lokacin da labari ya kashe kafin a kaɗa ƙararrawa, da lokacin da mai zane ya ware wa kowane motsi a cikin daƙiƙa guda. Zan ambaci sakamakon wasanni da dama a ƙasa, wanda bai kalla ba sai ya sani.

Mu fara da lissafi, domin rabin amsar tana cikinsa. George Morikawa ya fara buga labarin a mujallar Weekly Shōnen Magazine a 1989, littattafansa sun haura 140 kuma bai ƙare ba. Kamfanin Madhouse ya mayar da shi zane mai motsi daga Oktoban 2000 zuwa Maris na 2002 a hannun darakta Satoshi Nishimura, kashi 75 da ƙarin guda ɗaya. Littafi 30 na farko wannan zangon ya ɗauka, wato kowane littafi ya samu kashi biyu da rabi. New Challenger ya zo a 2009 da kashi 26, Jun Shishido ya ba da umarni. Rising ya fito daga 2013 zuwa 2014, shi ma na Shishido ne, Madhouse da MAPPA suka haɗa hannu, kashi 25 kacal, amma aka ɗora masa kayan littafi wajen 15 ko fiye. Kowane littafi ke nan bai samu ko kashi biyu ba.

To idan wuri ya yi kaɗan, me ake zubarwa? Ba a taɓa zubar da faɗan, don shi ne hajar. Atisaye ake datsewa, da zaman gidan abokin karawa, da ranar awon nauyi, da shirun ɗakin jira lokacin da ake naɗe wa ɗan dambe hannu. Waɗannan ne ake ɗauka kamar ciko, alhali su ne ke loda wa naushin nauyinsa tun kafin a jefa shi.

Dubi yadda zangon farko yake gina kowane wasa. Sai an fara kawo wata matsala ta dambe tsantsa, wadda za a iya faɗi a jimla ɗaya. Sannan a nuna atisayen da aka tsara don ita kaɗai, a bar ka ka ga yaro yana kasawa kafin ya iya. Sannan a kai ka gidan wanda za a kara da shi. Idan aka hau fage kuma, dabarar da aka shirya rabin aiki take yi, sauran rabin a cikin wuya ake gano shi. Tun kashin farko aka kafa wannan tsari, inda ƙwararren ɗan dambe Takamura ya ce wa Ippo ya cafke ganye goma da ke faɗowa daga bishiya kafin su taɓa ƙasa, ya ba shi mako guda. Ba a tsaya yi maka lacca a kan gajeren naushin hannun gaba ba. Ka dai ga yaron da ke taya mahaifiyarsa aikin jirgin masu kamun kifi yana fita kullum yana gwadawa, har ya gane cewa hannun da aka ƙanƙame ba ya sauri, sai an sake shi an damƙe a ƙarshe. Daga ranar, duk sa'ad da ya jefa hannun hagu, ka san abin da ya biya kafin ya same shi.

Wasansa da Mashiba a ƙarshen gasar sababbin 'yan dambe ta gabashin Japan matsalar tsawon hannu ce. Mashiba dogo ne, yana sakin hannun hagu ƙasa yana lilo da shi, ya watso shi kamar bulala daga inda ba a zata ba, salon da aka aro daga Thomas Hearns na Amurka. Ippo gajere ne, dole ya shiga ciki, idan ya shiga kuma Mashiba ya tare naushin ciki da gwiwar hannu. Mafitar da Ippo ya zaɓa ita ce ya ci gaba da dukan gwiwar hannun nan har hannun ya daina ɗaguwa. Ya ci wasan, amma ya karya hannunsa na dama, kuma karayar ta bi shi har Osaka inda ya kara da Sendo. Nasarar da ke barin tabo a wasa na gaba ita ce ke sa mai kallo ya yarda cewa duka a wannan shirin na gaske ne.

Amma in ana son ganin gwanintar rubutun, a koma wasan Kobashi, wanda mutane da yawa ke tsallakewa don babu ƙazamin duka a cikinsa. Kobashi ba shi da ƙarfi, kuma ya san ba shi da shi. Abin da ya iya shi ne nazari: ya taɓa ka sau ɗaya, ya rungume ka kafin ka rama, alƙalin wasa ya raba, ya sake taɓa ka. Wasan sababbi turmi huɗu ne, kowanne minti uku, don haka wanda ya tara maki a ukun farko ya riga ya ci in dai ya tsira a na ƙarshe. Kobashi ya tara su. Ippo ya gaji da bin iska. Sai ga shi wani naushi na Kobashi ya zauna daram, karo na farko a rayuwarsa ya ji a hannunsa yadda mutum ke girgiza idan an same shi da kyau. Wannan ɗanɗanon ne ya kashe shi. Ya bar tsarin da ke ba shi nasara, ya tako gaba yana neman ya kayar da Ippo, ya shigo daidai tazarar da ya kwashe turmi uku yana gudu. Babu wani sabon ƙarfi da ya sauko wa jarumi daga sama. Halin mutum ne ya yanke hukuncin wasan, kuma an shuka wannan halin tun kafin a hau fage, lokacin da aka nuna mana yadda yake kallon masu ƙarfin naushi da sha'awa. Marubucin da ya zauna da 'yan dambe ne kaɗai zai rubuta haka, kuma Morikawa yana da gidan horo nasa na kansa a Tokyo, JB Sports.

Haka ma shan kayen Ippo a hannun Date Eiji. Kafin wasan an ba mu tarihin Date: ya je Meziko neman kambun duniya, Ricardo Martinez ya gama da shi a turmi na biyu, ya bar dambe ya koma aikin ofis, sannan ya dawo da shekaru sun ja. A fage, yana murɗa wuya daidai lokacin da naushi ya iso don ya zubar da ƙarfinsa, yana kuma da wani naushi mai juyi da yake aunawa saitin zuciya, wanda ke daskarar da mutum na ɗan lokaci. Aka tsayar da wasan a turmi na 5. Shirin ya yarda jaruminsa ya faɗi bayan ya ci wasa goma a jere, ya kuma ba faɗuwar haƙƙinta: kwanakin jinya, da zaman shiru, da tambayar abin da ya rasa. Daga wannan ramin Dempsey Roll, sabon salon dukan Ippo, ya fito, shi ya sa fitowarsa ta yi armashi.

Yanzu ga ɓangaren zane. Hoto 24 ne ke wucewa a kowace daƙiƙa, amma anime na talabijin ba ya zana sabo ga kowanne. Galibi zane ɗaya yana zama hoto uku, wato zane 8 a daƙiƙa. Inda ake son santsi a mayar da shi hoto biyu, zane 12. A wurare ƙalilan ne ake zana duka 24. Kashi guda na minti ashirin da 'yan kai yakan ƙunshi ɗaukar kyamara wajen 300 da zane dubu uku zuwa biyar. Yi lissafi da kanka: naushin da ya ɗauki rubu'in daƙiƙa hoto 6 ne, a tsarin uku-uku kuwa zane biyu tak. Ba za ka nuna dambe da zane biyu ba. Saboda haka duk wanda ke zana dambe dole ya karkatar da lokaci, ya ja wani wuri ya matse wani, kuma a nan ake gane na ƙwarai.

Aikin yana bin hannu da yawa. Darakta ko wanda ya wakilta ya zana taswirar labari, ɗauka bayan ɗauka, da tsawon kowacce. Masu manyan zane su zana gaɓoɓin motsi, su rubuta a takardar lokaci hoto nawa kowane zane zai zauna. Mai duba zane ya gyara fuska da ƙira don kada Ippo na minti na biyar ya bambanta da na minti na goma. Masu cike gurbi su zana abin da ke tsakani, a sa launi, a haɗa da bango da haske, sannan sauti. Takardar lokacin nan, wadda mai kallo ba ya taɓa gani, ita ce ke riƙe da nauyin naushi.

Ɗauki naushin hanta, makamin Ippo na yau da kullum, mu kwance shi. Hanta tana gefen dama na cikin mutum, don haka da hannun hagu ake kai mata. Abu na farko da ake nunawa ba hannun ba ne, ƙafa ce: tafin takalmi ya murza dandamali, gwiwa ta lanƙwashe, ƙugu ya juya, kafaɗar hagu ta faɗa ƙasa. Wannan shirin ana ja masa lokaci, yakan kai rabin daƙiƙa ko fiye, har mai kallo ya riƙe numfashi. Tafiyar hannun kuwa zane ɗaya ne zuwa uku, kuma in ka tsayar da hoton za ka ga ba hannu ba ne sosai, wani jan layi ne da aka shafe da gangan don ido ya karanta shi a matsayin gudu. Sai haɗuwa: hoto ɗaya ko biyu da aka juya launinsu zuwa fari da baƙi, ko aka cika da layuka masu kauri. Daga nan a tsayar da komai cak, safar hannu a nutse cikin haƙarƙari, fata ta lotsa kewaye da ita, kyamara na rawa. Sannan a saki sakamakon: gumi ya fantsama, ido ya firfito, baki ya buɗe robar baki ta leƙo, gwiwoyi su fara karkarwa. A tsarin nan, abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne kafin duka da bayan duka. Dukan kansa ƙiftawar ido ne.

Ga inda ake ɓata shi. Idan aka raba zanen daidai wa daida daga farkon motsi zuwa ƙarshe, hannun zai tafi da santsi amma ya isa kamar auduga. Idan aka yanke shirin ƙafa da ƙugu don a rage aiki, naushin zai fito daga kafaɗa kawai, mutum ya zama kamar ba shi da ƙasa. Idan wanda aka daka ya yi baya ba tare da ƙafafunsa sun taka ba, sai ka ga yana zamewa kamar an ja hoton da hannu, kuma jan sa ɗin aka yi. Akwai kuma kuskuren kyamara: in Ippo yana hagu abokin karawarsa yana dama, sai ɗauka ta gaba ta juya su ba tare da an nuna zagayawar ba, mai kallo ya rasa wa ke matsa wa wa lamba, wa ke kusa da igiya. A dambe, sanin wanda bayansa ke kusurwa rabin labari ne. Zangon farko yana yawan komawa ɗauka mai faɗi daga sama ko daga cikin 'yan kallo na Korakuen, zauren dambe na Tokyo, don ya sake nuna maka inda kowa yake, kafin ya koma kan fuska.

Zanen da ba ya motsi ma yana da asali. Osamu Dezaki, wanda ya ba da umarnin anime na dambe Ashita no Joe a 1970, shi ya shahara da tsayar da hoto a ƙololuwar faɗa ya mayar da shi zanen hannu mai kaushin layi da inuwa, da kuma maimaita motsi ɗaya sau uku a jere. Ƙarancin kuɗi da lokaci ne suka haifi dabarar, amma ta zama harshen anime na dambe gaba ɗaya. Dezaki yana cikin waɗanda suka kafa Madhouse a 1972 tare da Masao Maruyama, shi kuma Maruyama ya kafa MAPPA a 2011. Ka ga gidan da ya yi Ippo gadon abin ya yi. Don haka idan ka ga hoto ya tsaya a zangon farko, kada ka yi saurin cewa rowar zane ce. Tambayar ita ce a ina aka tsayar da shi. In a kan haɗuwar naushi ne ko fuskar wanda ya gane an gama da shi, zaɓi ne. In a tsakiyar musayar duka ne, aka bar layukan gudu da ihun mai sharhi su yi aikin da zane ya kamata ya yi, to lokaci ne ya ƙure wa masu aikin.

Dempsey Roll shi ne wurin da labari da zane suka haɗu suka zama abu ɗaya. An ɗauko sunan daga Jack Dempsey, wanda ya riƙe kambun duniya na masu nauyi daga 1919 zuwa 1926. Ɗan dambe yana kaɗa gangar jikinsa hagu da dama cikin siffar lamba 8 a kwance, kowane kaɗawa ya dawo da naushin gefe ɗauke da nauyin jiki duka. Ga mai zane wannan kyauta ce, domin motsi ne mai zagayowa: a zana zagaye ɗaya da kyau, a maimaita shi, a riƙa rage hoton da kowane zane ke zama, daga uku zuwa biyu zuwa ɗaya, sai gudu ya ƙaru a idonka ba tare da an ƙara zane ba. A ɗora inuwar jiki da ke biyo baya, da ƙara mai kama da tashin injin jirgin sama, a riƙa yankawa zuwa idon abokin karawa da ke neman inda Ippo ya ɓace. Ranar da ya fara fito da shi a kan Ponchai ɗan Tailan, an ɓoye maka abin da yake koyo har sai da ya fashe a fage.

Abin burgewar shi ne marubucin ya ɗauki wannan maimaituwar ya mayar da ita rauni. Wanda ya saba jin lugude ya san lokacin da kowace taɓarya za ta sauka tun kafin ta sauka. Haka duk ɗan damben da ya natsu zai karanta kiɗan Dempsey Roll. A karawarsu ta biyu, Sendo ya tare shi da kutsowa ciki kafin ya kankama, sai da Ippo ya gabatar da naushin hanta da naushin tsalle irin na ɗan damben Amurka Floyd Patterson kafin ya samu sarari a turmi na 7. Shimabukuro ya yarda a yi musaya, ka ba ni in ba ka. Sawamura kuwa ya ja da baya taki ɗaya don Ippo ya dawo cikin ganinsa, ya tarbe shi da naushi yana tsakiyar tahowa, ƙarfin mutum biyu ya haɗu a fuska ɗaya. Maganin da Ippo ya samo shi ne taka birki a tsakiyar kaɗawa don ya karya kiɗan, abin da ke cin gwiwa da ƙugu. Wannan wasan yana cikin Rising, kuma zanensa ba shi da laifi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne zaman da za a yi da tsoron Sawamura kafin ranar, irin zaman da aka yi da Mashiba.

Sauti ma yana ɗauke da kaso mai yawa. Tsuneo Imahori, mai kaɗa jita, shi ya yi kiɗan zangon farko, kuma ya taɓa aiki da Nishimura a Trigun a 1998, sun san hannun juna. Lura da yadda ake ɗauke kiɗa gaba ɗaya kafin babban duka, a bar numfashi da ƙarar takalmi kawai. Naushin fuska yana da ƙara mai kaifi, na ciki mai zurfi ne kamar daga cikin ƙirji. Muryar Kamogawa, kocin Ippo, ma ta canza: mai yin ta, Kenji Utsumi, ya rasu a watan Yunin 2013, Shōzō Iizuka ya karɓa a Rising. Ya yi aikinsa da kyau, amma kunnen da ya saba da murya ɗaya tsawon kashi ɗari dole ya ji bambanci.

Game da tsabtar da ka gani, gaskiya ce. Zangon farko ya fito a zamanin allon talabijin mai kusan murabba'i, launinsa a dushe, layinsa da kauri, inuwa baƙa ƙirin a ƙarƙashin ido da tsoka. Na baya sun zo a faffaɗan allo, layi siriri, launi mai sheƙi, da hasken da kwamfuta ke ɗorawa. Sai dai dambe wasa ne na kumburi da jini da gumi, kuma layi mai kaushi ya fi ɗaukar su. Masu Megalo Box, wani anime na dambe na 2018, sun san haka, har suka rage ƙarfin hotonsu da gangan don ya yi kama da na da. Faffaɗan allo kuma yana da nasa wahalar: mutum biyu a tsaye ba sa cika shi, sai a matso kusa da fuska, ƙafafu su fita daga hoto, kuma ka riga ka ji abin da ƙafa ke yi wa naushi. Wani abin kuma ba laifin masu zane ba ne. Tun bayan abin da ya faru a Disambar 1997, lokacin da walƙiyar wani kashi na Pokémon ta kai ɗaruruwan yara asibiti, gidajen talabijin na Japan ke dusashe wuraren da haske ke ƙyaftawa da sauri. In ka ga faɗa ya yi duhu daidai wurin da ya fi zafi, mai yiwuwa kwafin talabijin kake kallo, na faifai yakan fi haske.

Kada a ɗauka zangunan baya ba su da abin nunawa. Wasan Takamura da Bryan Hawk a New Challenger yana cikin mafi kyawun abin da shirin ya taɓa yi, kuma dalilin bai canza ba: an ba shi fili. Ka ga mutum mai babbar ƙira yana matse jikinsa zuwa kilo 69.85, leɓe a bushe, barci ya gagara, kafin a kai ga turmi na 8. Karawar Date ta biyu da Martinez ma haka. A Rising, kashi huɗun ƙarshe da suka koma Japan ta bayan yaƙin duniya na biyu, inda Kamogawa da abokinsa Nekota suna samari suka fuskanci sojan Amurka Anderson, sun fi sauran zangon zama a rai, don labari ɗaya aka riƙe aka bi shi a natse. A nan ne kuma shirin ya kalli illar dukan kai ido da ido, ta hanyar abin da ya samu Nekota.

Shi ma zangon farko yana da nasa aibi. Akwai kashin da fuskoki ke karkacewa, musamman a tsakanin manyan wasanni inda ake tara ƙarfi don faɗa na gaba. Ana maimaita wasu zanen atisaye da na 'yan kallo har ka haddace su. Masu sharhi a gefen fage sukan faɗa maka abin da idonka ya riga ya gani. Tsarin a daki Ippo ya jure ya dawo yana gajiyarwa in aka kalla a jere, kuma dukan da yake sha ya wuce abin da alƙalin wasa na gaske zai bari. Mata ba su samu wuri sosai ba, Kumi ƙanwar Mashiba da mahaifiyar Ippo galibi jira suke yi. Barkwancin gidan horon kuma akwai na batsa da tsiraici a ciki, don haka ba shiri ne da za a kunna wa yara a tafi a bar su ba.

In kana son ka tabbatar da duk wannan da idonka, zaɓi faɗuwa ɗaya daga wasan Sendo na biyu, da ɗaya daga wasan Shimabukuro. Kashe sauti ka kalle su, ka ga wanne ya rage da nauyinsa. Sannan ka bi su hoto bayan hoto: a YouTube na kwamfuta, in ka tsayar da bidiyo, maɓallin aya yana matsawa gaba hoto ɗaya, na waƙafi yana komawa baya, a VLC harafin E ne, a waya ka mayar da gudu 0.25. Ƙirga sau nawa ka danna kafin zanen ya canza, nan za ka san ko uku-uku ne ko biyu-biyu. Ƙirga hoton da aka kashe daga murza ƙafa zuwa tashin hannu, da wanda aka kashe a tsaye bayan haɗuwa. Daga ƙarshe ka ƙirga kashi nawa suka wuce tsakanin ranar da aka fara ambatar abokin karawar da ranar da aka kaɗa ƙararrawa. Wannan adadin na ƙarshe shi zai fi ba ka amsa.

Ka ce zango uku ka kalla, to akwai fim guda biyu na 2003 da ke tsakanin na farko da New Challenger, kuma da yawa suna tsallake su. Champion Road shi ne karon farko da Ippo ya kare kambunsa na Japan, da Sanada, ɗalibin likitanci mai auna inda zai daka. Ɗayan shi ne Mashiba da Kimura, kimanin awa guda, kuma shi nake ba duk mai son ya ga iyakar abin da wannan shirin zai iya. Kimura ɗan masu shagon furanni ne, matsakaicin ɗan dambe da aka saba gani a gefe yana ba da dariya, ya yi alkawarin ajiye safar hannu in ya faɗi. Ya nemi Miyata, abokin hamayyar Ippo, ya taya shi atisaye, ya yi turmi bayan turmi yana dukan ciki don ya saukar da hannun Mashiba da idonsa ƙasa, sannan ya aiko da na dama ta sama daga inda ba a gani. Ya faɗi a turmi na 9 da tazarar da ba ta wuce 'yan santimita ba. Tun da ba aikin mako-mako ba ne, masu zane sun samu lokacin da za su bi ƙafa da ƙugu da numfashi yadda ya kamata, marubuta kuma suka ba shirin wasan kusan rabin lokacin. Ka kalle shi bayan Champion Road, kafin ka koma New Challenger.